Kafin a Sayar da Tsohon Akwatin Gem, a Duba Jikinsa

Duk wanda ya yi ƙuruciyarsa a Lome da kewayenta a shekarun 1990 ba zai manta da ɗakunan gem ba, watau 'yan shagunan nan masu duhu inda ake jera dogayen akwatuna masu talabijin a ciki, yaro ya jefa dala biyar ko dala goma ya kama sanda yana dambe da abokinsa a Street Fighter II har kuɗin aike su ƙare. Mu kanmu mun sha bulala a kan haka, ga shi kuma yau mu ne ke riƙe da alli muna hana ɗalibai latsa waya a aji. Ɗakunan sun daɗe da rufewa, to amma akwatunan ba su ɓace duka ba. Wasu suna nan a zaure, wasu a bayan shago an lulluɓe su da buhu, wasu kuwa sun riga sun shiga murhu.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana shi ne wani rabon gado da aka yi a unguwarmu a nan Baguida. Wani dattijo ne ya rasu, Allah Ya jiƙansa, ɗaya daga cikin waɗanda aka tasa daga tsohon Zongo na tsakiyar gari a 1977. Lokacin da mafi yawan jama'a suka koma sabon Zongo a arewacin birni, shi sai ya yo gabas, ya zauna kusa da tashar jiragen ruwa yana sayen kayan gwanjo. Bayan da aka karya darajar sefa a watan Janairu na 1994, farashin sabon kaya na waje ya yi tashin gwauron zabo, kasuwar gwanjo ta buɗe, a nan ne ya samu akwatunan gem ya buɗe ɗaki. Ya rasu ya bar mata ɗaya da 'ya'ya shida, uku a cikinsu ba su balaga ba, da kuma akwatuna uku a zaure.

Masu sayen tsofaffin ƙarafa suka zo suka taya duka ukun a kuɗin da bai kai na buhun shinkafa ba. Babban ɗan ya so a sallama, ko kuma a goge su da samfefa a shafa sabon fenti don su yi farashi. Uwar gidan ce ta aiko a kira mu.

Ta ce, "Malam, ni ban san kan waɗannan abubuwa ba, amma akwai haƙƙin marayu a ciki. Ku duba mana kafin a yi abin da za a zo ana da-na-sani."

Muka ce, "Hajiya, a ba mu kwana uku, kada kowa ya taɓa su."

Muka nemi wani tsohon kafinta maƙwabcinmu, mutumin Ewe wanda ya iya Hausa kamar jakin Kano, muka ɗauki tocila da awon tela da sukundireba da ɗan maganaɗisu. Abin da muka koya a wannan zaure, tare da abin da muka karanta, shi ne muke son mu ba masu karatu.

Daga ina akwatunan suka fito?

Akwatin gem na farko da aka yi don kasuwa shi ne Computer Space, wanda Nolan Bushnell da Ted Dabney suka ƙirƙiro a Amurka a 1971. Jikinsa ba na katako ba ne, an zuba shi ne da zaren gilashi haɗe da ƙaro, irin abin da ake yin jikin ƙananan jiragen ruwa da shi. A 1972 mutanen nan biyu suka kafa kamfanin Atari suka fito da Pong, wanda aka sa a akwatin katako mai fuska ruwan ɗorawa. Daga nan katako ya zama shi ne jikin gem. Space Invaders na kamfanin Taito ya fito a Japan a 1978, Pac-Man na Namco a 1980, Donkey Kong na Nintendo a 1981, sannan Street Fighter II na Capcom a 1991.

Akwai shekara ɗaya da ya kamata mai dubawa ya riƙe, ita ce 1985. A shekarar ne ƙungiyar masu ƙera injunan wasa ta Japan, wadda ake kira JAMMA, ta fito da mahaɗin waya guda mai haƙora 56, yadda za a iya zare allon wani wasa a sa na wani a akwati ɗaya. Tun kafin nan masu ɗakunan gem sukan sauya wa akwati wasa idan yara sun gaji da shi, amma bayan JAMMA abin ya zama ruwan dare. Sai a ɗauki tsohon akwati a shafe shi da baƙin fenti, a manna sabon suna a goshinsa. Saboda haka sunan da ke rubuce a goshi ba ya gaya maka asalin akwati. Katakon ne zai faɗa maka.

A fara daga baya da ƙasa

Kafintan nan namu bai ko kalli fuskar akwatunan ba. Ya sa aka juya su, ya buɗe ƙofar baya, ya durƙusa yana haska gefen allo inda zarto ya yanka, domin kuwa a nan ne fenti ba ya ɓoye komai. Iri huɗu ne za a iya gani.

Na farko shi ne filawud, wanda kafintocinmu na nan suka fi sani da sunansa na Faransanci, kwantirfilake. Siraran ɓawon itace ne aka jera aka manne da gam, kowane ɗaya ya gicciye na ƙasa da shi. In ka dubi gefensa za ka ga layi-layi, fari da duhu, kamar shafukan littafi. Yana riƙe sukur da kyau, ba shi da nauyi sosai, kuma in ruwa ya taɓa shi yakan ɗaɗɗaye ne a baki, wanda kafinta zai iya mayarwa da gam da matsi. Kamfanin Williams na Shikago, mai Defender na 1981 da Joust na 1982, ya yi amfani da shi, haka kuma akwatunan Pac-Man da kamfanin Midway ya yi a Amurka.

Na biyu shi ne allon dusa, watau dusar katako da ɓarɓashinsa aka kwaɓa da gam aka matse da inji. A Jamus aka fara yin sa don kasuwa a zamanin yaƙin duniya na biyu, lokacin da katako ya yi wuya. Gefensa kamar ƙuli-ƙulin da aka karya yake, tsaki-tsaki, kuma in ka sa farce zai marmashe. Yana da nauyi, yana da araha, shi ya sa Atari ya yi akwatuna da yawa da shi, har da Centipede na 1981. Babban abokin gabansa ruwa ne. In ya sha sai ya kumbura kamar burodi, kuma ba ya komawa ko da ya bushe.

Na uku shi ne wanda ake kira MDF. Shi kuma an niƙe itacen ne ya zama laushi kamar gari kafin a matse. Gefensa sumul yake, launi ɗaya, babu layi babu tsaki, kamar kwali mai kauri. Ya fi sauran nauyi, kuma sai daga baya ya yaɗu, saboda haka in ka gan shi a akwatin da ake cewa na shekarun 1970 ne, to ka yi shakka, ko dai an sauya allon ko kuma akwatin sabon yi ne.

Na huɗu shi ne katakon gida, wanda aka tsaga daga itace kai tsaye, kamar farin katakon wawa, ko loko, ko tik ɗin da Jamusawa suka fara dasawa a ƙasar nan. Kamfanonin waje ba su yin bangon akwati da irin wannan. In ka ga falanki-falanki an jera an buga da ƙusa, to aikin kafintan unguwa ne. Da yawa an yi su ne bayan da Mega Drive da PlayStation suka shigo, aka riƙa sa talabijin na gida da na'urar a cikin akwati a kulle da kwaɗo.

Awon tela ma yana da abin faɗa. Allon Amurka yawanci kashi uku cikin huɗu na inci ne, kimanin milimita 19. Na Turai yawanci milimita 18 ne. Na Nintendo ya fi su sirantaka. Bayan haka akwai farare masu sheƙi irin na Japan, kamar Astro City na kamfanin Sega na 1993, waɗanda jikinsu ƙarfe ne da roba. A nan ne maganaɗisu ke da amfani: inda ya kama ƙarfe ne, inda ya faɗi roba ce ko alminiyom.

Fatar da aka sa wa katakon

Bayan an san katako sai a koma ga abin da aka rufe shi da shi. Shi ma kashi-kashi ne, kuma tafin hannu ya fi ido gane shi.

Akwai fenti kai tsaye a kan katako. Williams yakan ɗora allon da aka huda da siffar zane, a fesa launi, a ɗaga, a ɗora wani a fesa wani launin, kamar yadda masu rubuta lamba a jikin mota suke yi. Alamarsa ita ce launukan ba su wuce biyu ko uku ba, kuma a bakin kowane zane za ka ga ɗan feshin da ya tsallake. In ka shafa za ka ji ƙwayar katakon a ƙarƙashi. Wannan ɗan feshi da wani zai ɗauka aibi ne, shi ne shaidar cewa zanen na asali ne.

Akwai fatar roba mai laushi wadda aka manna a allo aka buga zane a kanta. Ita Atari ya fi so, musamman a kan allon dusa. A kusurwa ake gane ta, inda take ɗagowa ta naɗe kamar sitika. In ka ga haka kada ka ja, domin za ta taho da fuskar allon.

Akwai kuma Formica da danginta, wadda kowa ya sani a kan teburin mai shayi. Takardu ne aka jiƙa da ƙaro aka matse da zafi, kuma tun 1913 kamfanin yake. Tana da tauri da sanyi, farce ba ya shigarta, in ta karye tana ɓallewa ne da kaifi, kuma a gefenta akwai siririn layi mai duhu. Da yawa an buga mata hoton ƙwayar katako. Hanyar gane ta ita ce ka bi zanen da ido, za ka ga kulli ɗaya yana maimaita kansa, abin da itacen Allah ba ya yi.

Na ƙarshe shi ne fentin mai na kasuwa wanda aka shafa da buroshi daga baya. Shi ba ya ɓuya: ga sawun buroshi, ga inda ya zubo, ga kan sukur da ya rufe. Dabarar ita ce a kashe fitila a kwantar da tocila a jikin bangon, hasken ya bi ta gefe. In akwai tsohon zane a ƙasa, inuwarsa za ta fito.

Ƙananan shaidu

A bakin allunan akwatin kamfani akwai igiyar roba da aka cusa a cikin tsagi, wadda in an yanka ta siffarta kamar harafin T take. Ko ta faɗi, tsagin yana nan a tsakiyar gefen allo. Akwatin unguwa ba shi da wannan tsagi. Ƙofar kuɗi ta ƙarfe ce, kuma abin da aka rubuta a ramin yana nuna ƙasar da akwatin ya yi aiki: santi 25 Amurka, yen 100 Japan, faran kuwa Faransa ko Beljiyam. Goshin da ke haske da murfin talabijin ko gilashi ne ko roba mai gani-gari. Ƙwanƙwasa da tsaba: gilashi yana ƙara kuma yana da sanyi, roba tana amsawa a dushe kuma tana cike da ƙarce.

Mafi muhimmanci, a nemi ɗan farantin ƙarfe ko takardar da ke manne a baya ko a ciki. A nan ake samun sunan kamfani da lambar akwati da ƙarfin wutar da yake ci. Na Amurka volt 120 ne, na Japan 100, mu kuwa a Togo 220 muke da shi. Wanda ya yi gaggawar soka waya a bango don ya gwada, yana iya ƙone abin da ya shekara talatin yana jira.

Launi ma yakan ba da labari. Lokacin da wasan Radar Scope ya ƙi sayuwa a Amurka, Nintendo ya rage da akwatuna kimanin 2,000, sai aka sa Shigeru Miyamoto ya ƙirƙiro wasan da za a zuba a cikinsu, wanda shi ne Donkey Kong. Shi ya sa na farko-farko jajaye ne, na baya kuma shuɗɗa, kuma masu tara kayan tarihi sun fi neman jajayen. Wanda ya shafe irin wannan da sabon fenti ya shafe kuɗinsa da hannunsa.

Abin da muka tarar a zaure

Akwati na farko shi ne wanda duk gidan suka sa wa rai, baƙi mai sheƙi, da hoton 'yan dambe a goshi. Da aka juya shi sai ga allon dusa mai milimita 18, ramin kuɗinsa na faran, irin akwatunan da ake zuba wa kowane wasa. Ƙasansa ya sha ruwa har tsawon taƙi guda, kafinta ya tura yatsa ya shige. Duk wanda ya san Baguida ya san dalili: ga damina biyu a shekara, ga iskar teku mai gishiri da ke cin ƙarfe, ga siminti mai tsotso ruwa daga ƙasa.

Na biyu aikin gida ne, katakon wawa da ƙusa da fentin mai. Gara ta shiga ƙafa ɗaya, amma sauran jikin lafiya lau.

Na uku shi ne wanda aka tura lungu aka ɗora masa tsofaffin tabarmi, an shafe shi da koren fenti irin na ƙofa. Gefensa ya nuna layi-layi na filawud, awo ya ba da milimita 19, tsagin igiyar roba yana nan. Muka kwantar da tocila sai ga inuwar manyan haruffa a ƙarƙashin koren. A ciki kuma ga takarda ta yi ja don tsufa, da sunan Williams da birnin Shikago. Allon wasan da ke ciki ba nasa ba ne, an sauya, amma jikin na asali ne kuma ƙasansa a bushe yake, domin marigayin ya ɗora shi a kan bulo.

Kafinta ya dubi babban ɗan ya ce, "Ɗana, da ka sa samfefa a nan, da ka goge rabon ƙannenka."

Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, wallahi shi na so in fara fasawa a yi itace."

Hausawa sun ce rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami.

Gargaɗi guda uku

Na ɗaya, kada yaro ko babba ya sa hannu a bayan talabijin da ke ciki. Irin tsohon nan mai ƙwalba yana aiki da wuta ta dubban volt, kuma yakan riƙe ta ko bayan an zare waya. Aikin mai gyaran talabijin ne. Gilashinsa ma yana da dalma, saboda haka kada a fasa shi a tsakar gida.

Na biyu, kada a dafa abinci da allon dusa ko MDF ko katakon da ke da fenti. Gam ɗin da ke ciki da fentin suna fitar da hayaƙi mai cutarwa, kuma mata da yaran da ke bakin murhu su ne za su shaƙa. Tsohon fenti yana iya ƙunsar dalma, don haka goge shi a bushe ma haɗari ne.

Na uku, wajen tsafta tsumma mai ɗan danshi da sabulu kaɗan ya isa. Fetur da tina suna narkar da zane kuma suna dusar da roba. A ɗora akwati a kan bulo, a raba shi da bango, a nisanta shi da rana, a rufe shi da zane maimakon leda, domin leda tana tara gumi.

Kada a ɗora buri

Ba muna cewa kowane tsohon akwati dukiya ba ne. Gaskiya ne akwai gidajen tarihi da ke ajiye irinsu, kamar The Strong a birnin Rochester na Amurka da gidan tarihin wasannin kwamfuta na Berlin wanda aka buɗe a 1997, kuma akwai masu saye a Turai da Amurka. To amma akwati abu ne mai nauyi, kuɗin jirgi kaɗai yana iya cinye ribar, kuma mafi yawan waɗanda ke zaurukanmu irin na farko ne ko na biyu. Abin da muke cewa shi ne a san abin da ake sayarwa kafin a sallama, musamman in akwai haƙƙin wanda ba zai iya yi wa kansa magana ba.

Ga yadda aka ƙare a gidan marigayin. An kira mai gyara ya kwance ƙofar kuɗi da sanduna da allon wasa na akwati na farko aka sayar daban, kuɗinsu kaɗai ya fi abin da masu ƙarafa suka taya duka ukun. Na biyu kafinta ya sauya masa ƙafa ya sa masa kanta uku, yanzu littattafan yaran ne a ciki. Na uku an ɗauki hotonsa ciki da waje, an rubuta shi a takardar gado a gaban shaidu, kuma dattawa sun ce ba za a sayar ba sai an ji tayi daga mutum fiye da ɗaya. Yana nan a kan bulonsa da koren fentinsa, ba a goge ko taƙi ɗaya ba.

Wanda yake da irin wannan akwati a Zongo, ko Sokode, ko Aneho, ko wani gari, ya juya shi ya haska gefen allon, ya kwafe abin da ke rubuce a takardar ciki, ya aiko wa wannan shafi. In Allah Ya kai mu za mu duba tare. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya raya abin da suka bari, amin.